Bel Ɗin da Shu'ibu Bai Wanke Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma kowa zai koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu na shekarar 2025, cikin Zulƙida, da misalin ƙarfe goma na hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Shu'ibu mai wankin mota, wanda mutanen Haɗeja suka fi sani da Shu'ibu Madubi, bayan jinyar ciwon ƙirji ta wata huɗu. Ya rasu yana da shekara hamsin da ɗaya, aka yi masa sutura bayan azahar. Labarin ya same ni a filin da muke sayar da motoci, ina tsaye ina zuba wa wani mai saye yabon wata mota, yabon da rabinsa ƙarya ne.

Shu'ibu, ni ne Abdulganiyyu dillali, abokinka tun muna aji ɗaya a firamare. Na ɗauki alƙalami ne saboda akwai maganar da ka nemi in faɗa kana da rai, ni kuwa na ƙi faɗa, kuma a kan maganar nan ka rasa sunanka da sana'arka.

Na je jana'izarka, Shu'ibu. Motoci sun cika layinku har bakin titi, kuma na tsaya na dube su ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu na san su, don a hannunka suka taɓa yin kyau. Yanzu duk sun dusashe, fentinsu ya yi zane-zane, tayoyinsu na naso da baƙin mai. Masu su kuwa suna ta girgiza kai suna cewa an yi rashi, ba za a sake samun irinka ba. Mutumin da ya shekara biyu da rabi bai kawo maka ko tabarmar mota ka kakkaɓe ba, shi ne ya fi kowa ɗaga murya wajen yabo. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in yi magana. Sai na tuna wanda ya kore su daga wurinka, na fasa.

Wanda bai san ka ba zai ce mene ne abin rubutu a kan mai wankin mota. To, a garin nan masu wankin mota sun fi a ƙirga, amma abin da kake yi daban ne. Shekara tara ka yi a Kano a ƙarƙashin wani mai gyaran fenti, ka dawo gida da injin goge mota, da injin zuƙe ƙura, da wani taurin kai da ba ka tafi da shi ba. Ranar da ka buɗe rumfarka a gindin darbejiya, mu abokanka dariya muka yi ta yi maka, don mun ga ka jera bokiti biyu a gaban mota ɗaya. Ka ce ɗaya na sabulu ne, ɗaya na ɗauraye tsumma, domin yashin da ya fito daga jikin mota kada ya koma jikinta. Na ce maka wannan ai wankan amarya ne, ba wankin mota ba. Ba ka kula ni ba.

Ba ka wanke mota a cikin rana, sai a inuwa, kuma sai ƙarfen ya huce, don ka ce sabulu na bushewa a kan fenti mai zafi ya bar tabo. Ba ka taɓa yarda garin sabulun wankin kaya ya hau jikin mota ba, ko da mai ita ne ya zo da shi, saboda yana cinye kakin da ke kare fenti. Tsummokaranka kowanne da aikinsa: na gilashi ba ya taɓa taya, na taya ba ya shiga ciki, wanda ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki a ranar. Daga sama kake farawa ka gangaro, tayoyi da nasu bokitin. Sauran masu wanki suna shafa wa taya baƙin mai ko man birki don ta yi sheƙi, su goge gaban direba da gas, kai kuwa ka ce wannan zalunci ne, roba ce take tsagewa bayan wata biyu, mai mota bai san dalili ba. In ka gama wanki sai ka sa hannunka cikin leda ka shafa jikin motar. In ka ji tsakuwa-tsakuwa, sai ka ɗauko wani abu mai kama da danƙo ka bi fentin da shi a hankali har ya yi santsi, sannan ka hau shi da inji da man gogewa, ka rufe da kaki. Mutum sai ya ga gemunsa a ƙofar motarsa. A nan ka samo sunan Madubi.

Abin da ka fi tsanantawa a kai shi ne ruwa. Garinmu gari ne na kogi, ruwa ko'ina, amma ka ce ruwan kogi yashi ne narkakke. Durom shida ka jera a bayan rumfa, ka cika su da ruwan burtsatse, ka jefa alif, ka bar su su kwana, sannan ka tace da ƙyalle. Kowa a Haɗeja ya san haka. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don a nan na soke ka.

Halinka ma haka yake. Na tuna wani mai fataucin kifi daga Baturiya da ya kawo maka motarsa, wadda ko kusa da ita ba a iya tsayawa saboda ƙarni, har matarsa ta rantse ba za ta ƙara shiga ba. Duk masu wanki sun fesa mata turare sun sallame shi, ƙarni da turare suka haɗu suka zama wani abu na uku. Kai kuwa ka kwance kujerun, ka ɗaga kafet, ka gano inda ruwan kifi ya kwanta a ƙarƙashin soso, ka wanke da ruwan kal, ka shanya, ka cusa buhunan gawayi a ciki kwana uku. Mutumin nan da ya zo ɗauka ya zagaya motar sau biyu yana shinshinawa, ya ce ba tasa ba ce. Shekara da shekaru yana aiko maka da bandar kifi, kai kuma kana rabawa maƙwabta.

Wanda ba zan manta ba kuwa shi ne na yayana Mala. Lokacin da ya yi haɗari a hanyar Miga ya rasu, an jawo motarsa an ajiye a ƙofar gida, cikinta duk jini, babu wanda ya iya leƙawa. Da asuba ka zo da igiya ka ja ta zuwa rumfarka, ba wanda ya aike ka. Kai kaɗai ka wanke ta, da ruwan sanyi, don ka ce ruwan zafi yana dafa jini ya kama yadi. Ka tsinto carbinsa da hularsa a ƙarƙashin kujera, ka wanke su, ka kawo mini a leda, ka ce kada matarsa ta ga yadda suke da farko. Na sa hannu a aljihu, ka dube ni da wani irin kallo har na ji kunya na fitar da hannuna. Wannan shi ne mutumin da na saka wa da abin da zan faɗa.

A daminar 2022 kogi ya yi ambaliyar da duk wanda ke yankin nan ba zai manta ba. Gonakin shinkafa suka nutse, ƙauyukan Auyo sai da kwalekwale, mutane suka kwana a makarantu. Da ruwa ya janye, motocin da suka sha ruwa suka fara isowa gari a bayan manyan motoci, cike da laka da warin ruɓa. Masu su da yawa sun rasa amfanin gona, sai suka sayar da su da araha. Mu dillalai muka yi ta saye, muna murna a ɓoye da masifar da ta sami mutane. Kuma a duk garin babu mai iya mayar da irin waɗannan motoci mutane sai kai.

Aikin da kake musu sai wanda ya gani. Ka fitar da kujeru da kafet da soson ƙasa, ka kwance marfin ƙofofi, ka bi kowane lungu da buroshin goge baki, ka kashe fumfuna, ka busar, ka mayar. Amma akwai abu ɗaya da kake bari. Bel ɗin direba, wanda ake ɗaurawa a ƙirji, in aka jawo shi har ƙarshe, akwai kamar taƙi ɗaya da ke naɗe a can ciki, inda ruwa ke barin shatin laka. Wannan taƙin ba ka wanke shi. Ka ce wankinka yana kaiwa ga yadi da ƙarfe, amma ba ya kaiwa cikin wayoyi, kuma motar da ta sha ruwa tana iya yin wata shida lafiya sannan ta mutu da mutum a tsakiyar daji, ko fitilunta su ɗauke yana cikin gudu. Don haka dole a bar wa mai saye inda zai duba ya san gaskiya. Ba a ɓoye kake yi ba, duk wanda ya kawo mota kana faɗa masa.

Ni ma na kawo tawa, wata farar mota da na samo a Auyo, wadda ta kwana huɗu ruwa na bisa kujerunta. Na ja ka gefe na ce maka wannan karon ka haɗa har da bel ɗin. Ka ce, “Ganiyyu, zan wanke maka ita har ka ƙi sayarwa. Amma ƙarshen bel yana nan yadda yake.” Na yi dariya na ce ka dai yi, ai ni da kai ba ta ɓaci. Na tafi da tabbacin cewa abotar shekara arba'in ta fi taƙi ɗaya na laka. Bayan kwana biyar na dawo na tarar da mota tana ɗaukar ido, cikinta na ƙanshi, har na manta ban jawo bel ɗin na duba ba. A raina na riga na yanke cewa ka yi mini kara.

Mai sayen wata malamar makaranta ce, Malama Bushira, wadda ta daɗe tana tari don ta huta da hawan acaɓa. Ta zo filinmu da ƙanenta Abdulfattah, direba ne. Ta tambaye ni ko motar ta taɓa shiga ruwa, na ce ko kusa. Ƙanen ya buɗe ƙofa, ya kama bel ya yi ta ja har ya tsaya, sai ga laka ja a bushe, a gaban dillalai sun fi goma da ke zaune a kan benci. Maimakon in sunkuyar da kai in ba matar nan haƙuri, sai bakina ya buɗe na ce, “Wannan ai aikin Shu'ibu ne. Tun da aka yi ambaliya ruwan kogi yake ɗiba, ko tacewa ba ya yi, ya kwarara wa motoci har ciki. Ya lalace yanzu.”

Malamar ba ta saya ba, kuma na gode wa Allah da ba ta saya ba. Amma maganar ta fita daga filin nan kafin la'asar. 'Yan uwana dillalai suka ɗauke ta suka kai ofisoshi da majalisu da wuraren ɗaurin aure, kowa yana ƙara mata gishiri. Aka ce an ga ka da jarkoki a bakin kogi. Aka ce ka ɓata wa wani babban mutum fenti da yashi. Mutanen da ke ba ka makullin motarsu su tafi Abuja sati guda suka fara wuce rumfarka suna ɗaga hannu daga nesa. Ka kira wasu ka nuna musu durom ɗinka da alif, suka ce ai ba komai, za su kawo, ba su kawo ba. Cikin shekara ɗaya ka sayar da injin gogewa, sannan na zuƙe ƙura. Daga baya na riƙa ganinka a bakin hanyar Auyo kana wanke babura da motocin ɗaukar shinkafa, a cikin rana, da bokiti ɗaya. In na hango ka sai in duba wayata kamar ana kirana.

Ba ka kai ni ƙara wurin kowa ba, ba ka kuma tona abin da ya faru ba, alhali da ka buɗe baki sau ɗaya da na gama dillanci a garin nan. Sau ɗaya tak ka tare ni, a ƙofar masallaci bayan la'asar, kana neman takalminka. Ka ce, “Ganiyyu, ban ce ka ba ni komai ba. Inda ka faɗe ta, can za ka koma ka janye ta. Ina da 'ya'ya.” Na ce in Allah Ya yarda, cikin satin nan. Satin nan ya zama wata, wata ya zama shekara. Kullum ina ce wa kaina sai na sami ranar da mutane ba su da yawa a benci, sai bayan salla, sai na sayar da motar da ke hannuna. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji a kira ni maƙaryaci, ni da na san shi ne sunana.

Da ciwo ya kwantar da kai na zo duba ka sau ɗaya, da lemo da madara a leda. Na tarar ka rame, numfashi na yi maka wuya. Ba zan ce ƙaryata ce ta sa maka ciwo ba, ajali na Allah ne, kuma ka daɗe kana shaƙar magungunan wanki masu ƙarfi. Amma na san mutumin da ke aiki a inuwa da ruwa mai tsabta ni na mayar da shi bakin titi. Ka dube ni kana jira. Ni kuwa na yi ta ba ka labarin tsadar shinkafa da zafin bana, har na tashi na ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce amin, ka juya fuskarka ga bango. Ban sake ganinka da rai ba.

Washegarin sadakar uku na tafi filinmu da hantsi, lokacin da benci ya cika. Na tsaya a daidai wurin da na tsaya a wancan karon, na ce ina da magana. Na faɗi komai: motar Auyo, roƙon da na yi maka, amsar da ka ba ni, da ƙaryar ruwan kogi. Na shirya wa zagi, na shirya a ce in bar filin. Babu wanda ya ko ajiye kofin shayinsa. Shugabanmu, Alhaji Bala, ya gyara hularsa ya ce, “Haba Ganiyyu, ai dama duk mun sani. Wa bai san durom ɗin Shu'ibu ba? Amma wa zai kai mota wurin mutumin da zai tona masa asiri? Kai dai ka sauƙaƙa mana ne. Zauna, Allah Ya jiƙansa.” Sauran suka ce amin, aka koma maganar wata mota da aka kawo daga Kano.

Ban taɓa jin ɗaci irin na ranar nan ba. Shekara biyu da rabi ina ɓoye sirri ga mutanen da suka san shi tun ranar farko. Ba don sun yarda ka lalace suka guje ka ba, don sun tabbata ba za ka lalace ba ne. Waɗanda suka yarda da ƙaryar su ne bayin Allah masu motocin hawa, malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda ka bar lakar nan dominsu, kuma babu ko ɗayansu a kan bencin. Na janye maganata a inda ka ce, amma a gaban mutanen da ba su da amfanin ji.

Daga nan na wuce gidanka. Matarka Ummussalma tana takaba, ta zauna a bayan labule, ni ina tsakar gida a tsugune. Na maimaita mata abin da na faɗa, na ce ta yafe mini. Sannan ta ce, “Alhaji, ba sunana ka ɓata ba, ba ni da abin yafewa. Mai yafe maka kun kai shi ranar Laraba. Amma yaran nan har yau ana ce musu 'ya'yan mai ruwan kogi. In da gaske kake, ka rubuta, ka sa sunanka, inda mutanen gari za su karanta.”

To ga shi na rubuta. Ni Abdulganiyyu, dillalin motoci a Haɗeja, ina shaida wa duk wanda ya taɓa jin cewa Malam Shu'ibu yana wanke mota da ruwan kogi, cewa ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito. Bai taɓa zuba wa motar kowa gurɓataccen ruwa ba. Na ƙaga maganar ne don in rufe ha'incin da na so in yi wa wata baiwar Allah, shi kuma ya ƙi taya ni. Malama Bushira, in wannan ya iso gare ki, ki sani mutumin da na zaga a gabanki shi ne ya tsare miki dukiyarki, wataƙila har da ranki, kuma bai ma san ki ba.

Ya Allah, bawanka Shu'ibu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka ba shi ladan kowane matafiyi da ya isa gida lafiya saboda gaskiyarsa. Haƙƙinsa da ke wuyana, Ka ɗebi abin da Ka ga dama daga ɗan aikina Ka ba shi, don ba ni da sauran hanyar biya. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, tare da iyayensa da namu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummussalma, da 'ya'yansa Abdulmuhaimin da Sakinatu da Adila, da 'yan uwansa na Haɗeja da na Auyo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku, Ya raya ku a kan halin mahaifinku. Ku ɗaga kanku a duk inda aka ambaci sunansa. Masu tare ni a hanya kuwa suna yi mini gaisuwar rashin aboki, don Allah su daina, ban cancance ta ba. Su ƙarasa gidan Ummussalma, su faɗa wa yaran nan a gaban jama'a ko wane ne ubansu.